MSC Yacht Club ko Royal Caribbean: wanne ya fi wa mai ɗakin alfarma sauƙin cin abinci?

Alhaji, ka ce kai da Hajiya kuna shirin tafiyar kwana 7 a jirgin ruwa na shaƙatawa daga Basalona ta ƙasar Sifen, kuna son ɗakin alfarma irin wanda ake kira suwit, kuma zaɓinku ya tsaya tsakanin kamfanin MSC da Royal Caribbean. Tambayarka ita ce ko kuɗin ɗakin ya haɗa da duk gidajen cin abincin da ke cikin jirgin, da kuma ko sai an kama tebur tun kafin tafiya.

Abin da ya kamata a fara rabewa shi ne cewa gidajen cin abinci iri uku ne a waɗannan jirage. Akwai na kowa da kowa, wato babban zauren cin abinci da wurin ɗiba da kanka, waɗanda kuɗinsu ke cikin tikiti. Akwai na musamman da ake biya daban, kamar gidan gasasshen nama ko na abincin Japan. Na ukun shi ne wanda aka keɓe wa masu ɗakunan alfarma kaɗai. Yawancin ruɗanin da ake samu ya taso ne daga zaton cewa wanda ya sami na ukun ya sami na biyun kyauta, alhali ba haka abin yake ba a yawancin ɗakuna.

A MSC, sashen alfarmar sunansa Yacht Club, kuma an fara shi a jirgin MSC Fantasia a 2008. Yanki ne da aka killace a saman jirgin ta gaba, ba a shiga sai da katin ɗaki, yana da zauren hutawa mai suna Top Sail Lounge, da wurin ninƙaya nasa, da gidan cin abinci nasa da ke ba da karin kumallo da abincin rana da na dare. Ba a ɗaure baƙo da wani lokaci ɗaya. Muddin gidan a buɗe yake, za ka je a zaunar da kai ba tare da ka kama tebur ba. Kowane ɗaki yana da hadimi da ake iya kira dare da rana, kuma kayan sha suna cikin kuɗin. Gidajen da ake biya daban, irin su Butcher's Cut na nama da Kaito na abincin Japan, a ƙa'ida ba sa cikin kuɗin, sai dai hadimin ko jami'in kula da baƙi zai kama maka tebur a can, ya rage maka wahalar bin layi. Ka duba jirgin da kansa kafin ka biya, domin a Fantasia da 'yan uwansa gidan cin abincin yana can bayan jirgi, sai an yi 'yar tafiya, amma a sababbi irin su Meraviglia da Seaside yana cikin yankin, daga zauren hutawa matakala kawai za ka hau.

Royal Caribbean kuwa raba masu suwit ya yi gida uku, Sea da Sky da Star, kuma wannan tsari yana aiki ne a manyan jiragensa na jerin Oasis da Quantum da Icon. Gidan da aka keɓe musu shi ne Coastal Kitchen, wanda ya fara bayyana a Quantum of the Seas a 2014. Mai ɗakin Sky, kamar Grand Suite, yana cin abinci a can sau uku a rana, amma na dare yana buƙatar kama tebur. Mai ƙaramin suwit na rukunin Sea, wato Junior Suite, abincin dare kaɗai aka ba shi, shi ma sai in akwai gurbi bayan na sama da shi sun zaɓa, kuma a mako mai cunkoso gurbin kan zama ko da wuri sosai ko can dare. Rukunin Star ne kaɗai ke cin abinci a yawancin gidajen musamman, irin su Chops Grille na nama da Izumi na abincin Japan, ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma yana da hadimi na musamman da suke kira Royal Genie, wanda kan tuntuɓi baƙo tun kafin tafiya ya tsara masa teburan mako gaba ɗaya. Farashin Star ya yi wa sauran nisa ƙwarai. A tsofaffin jiragen kamfanin da ba sa cikin waɗannan jeri uku babu Coastal Kitchen ko kaɗan.

Idan aka jera su gefe da gefe, bambancin a fili yake. A MSC ƙofa ɗaya ce: duk wanda ɗakinsa ke cikin Yacht Club, ko da ƙaramin ɗakin ciki ne marar taga, yana cin abinci a inda mai ɗaki mafi tsada ke ci, ba a tambayarsa rukuninsa. A Royal Caribbean matakala ce, kowane mataki da rabonsa, na ƙasa yana jiran abin da na sama suka bari, na ƙololuwa kuma yana samun abin da MSC ba ya bayarwa. Sai dai MSC ma yana da nasa tarkon, domin yana sayar da wasu manyan ɗakuna masu sunan suwit a ƙarƙashin tsarin Aurea, waɗanda ba sa cikin Yacht Club, masu su kuma a babban zaure suke ci tare da kowa, illa dai suna da sassaucin lokaci. Don haka ka sa dillalin tafiye-tafiyenka ya rubuta maka sunan rukunin ɗakin a takardar biya, kada ka wadatu da kalmar suwit kawai.

Akwai wani lissafi da ya shafe ku kai tsaye. Wani kaso na tsadar Yacht Club da na rukunin Star na kayan sha ne da suka haɗa da barasa, kuma wanda ba ya sha ba a rage masa komai. Abin da zai amfana da shi shi ne kofi da shayi da ruwan 'ya'yan itace da ruwan gora. A ganina wannan ya sa Star bai cancanci kuɗinsa ba ga mutum biyu da ba sa sha, sai in girman ɗakin ne abin nema. Amfanin gaske na ƙaramin gidan cin abinci ga mai kiyaye halal shi ne ma'aikata ɗaya yake gani kullum. Da zarar ka yi wa shugaban masu hidima bayani a daren farko cewa ba ku cin naman alade, ba ku cin abin da aka dafa da giya, wanda ya yawaita a miyar Turawa da wasu kayan zaƙi, ba sai ka maimaita kowane dare ba, kuma sukan nuna maka jerin abincin gobe tun yau don a sauya abin da ya kamata. Game da naman halal kansa, a rubuce ake sanar da kamfani makonni kafin tafiya, a kuma nemi amsa a rubuce, domin jirgi ba ya sayen kaya don mutum ɗaya bayan ya bar tasha. In amsar ba ta gamsar ba, kifi da kayan lambu da taliya sun wadata a tekun Bahar Rum.

Dangane da kama tebur, shawarata ita ce a yi shi ta manhajar kamfanin da zarar an buɗe, ko ta saƙon da jami'in kula da baƙi kan aiko kwanaki kaɗan kafin tashi, sannan a tabbatar da shi a ranar shiga jirgi. Teburin da ake soya abinci a gaban baƙi a gidan Japan kujerunsa kaɗan ne, shi ke fara cika, haka ma daren ranar da jirgi ya wuni a teku. A ranakun da za ku sauka yawo a gari kada ku kama tebur na farkon yamma, don kada ku dawo a gajiye kuna sauri, kuma ku duba lokacin magariba, wanda a bazarar Turai kan kai ƙarfe 9 na dare. Idan kuma za ku tafi da 'ya'ya ko dangi da za su kwana a ɗakin da ba na alfarma ba, ƙa'ida a kamfanonin biyu ita ce ba su da hurumin shiga keɓaɓɓen gidan, don haka daren da kuke son zama tare sai a babban zaure ko a gidan da ake biya.

Da ni ne a matsayinka, tsakanin Junior Suite da ɗakin Yacht Club mafi araha, Yacht Club zan ɗauka ba tare da jinkiri ba. Idan kuwa kuɗin ya kai na Grand Suite, to an yi kusan kunnen doki a kan abinci, sai ku duba wanne jirgi ne ke tsayawa a garuruwan da Hajiya ta fi so.