Akai MPK Mini MK3 ko Arturia MiniLab 3: Wanne Ya Dace da Mai Haɗa Kiɗa a FL Studio?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya a zauren nan. Ya ce da manhajar FL Studio yake haɗa kiɗa a laftof, kuma har yau da linzamin kwamfuta yake dasa ganga ɗaya bayan ɗaya, hannunsa ya gaji. Yana son ɗan ƙaramin kibod na kiɗa mai shiga jaka, amma ya rasa na ɗauka tsakanin Akai MPK Mini MK3 da Arturia MiniLab 3. To ɗan'uwa, na yi aiki da duka biyun, bari in faɗa maka abin da hannuna ya ji.

Kafin komai, babu wanda yake fitar da sauti a cikinsu. Saƙon MIDI kawai suke aika wa kwamfuta, wato yaren da kayan kiɗa suke magana da shi tun 1983: wane maɓalli ka danna, da wane ƙarfi a ma'aunin da ke tsayawa a 127, kuma yaushe ka saki. Sautin yana cikin manhajarka. Don haka duk wanda ya ce maka wannan ya fi wancan daɗin sauti, manhajar da aka haɗo da shi yake yabo bai sani ba.

A takarda kamar tagwaye suke. Kowanne yana da maɓallan fiyano 25, maɓallan roba 8 na buga ganga masu shafi biyu har su ba ka 16, maɓallan murɗawa 8 masu juyawa ba iyaka, ɗan ƙaramin allo, da ramin fedal na takawa. Kebul ɗin USB kaɗai ke ba su wuta. Sai ka ɗora yatsu ne za ka gane kama da wane ba ta wane.

Wajen ganga, Akai ne gaba, kuma gado ya yi. Kamfanin ne ya fitar da MPC60 a 1988 tare da Roger Linn, injin da ya koya wa duniya buga ganga da yatsu a kan roba. Maɓallan gangar MPK Mini manya ne, an jera su layi biyu, huɗu sama huɗu ƙasa. Sai ka sa kik (gangar mai kaurin sauti) da siniya (snare, mai kaifin sauti) a ƙasa, hai-hat (faifan ƙarfe mai cas-cas) a sama, yatsun hannu biyu su yi ta kai-komo ba tare da sun yi karo ba. Na MiniLab 3 ƙanana ne, kuma a layi ɗaya suke miƙe. Suna aiki, amma in kiɗan ya yi sauri za ka ji kamar kana rubutu a kibod ɗin waya da manyan yatsu. Akai yana kuma da maɓallin Note Repeat: ka danne hai-hat kawai, shi zai riƙa maimaita ta a kan 1/8 ko 1/16 ko 1/32. Abin da ke cinye maka minti biyar da linzami, a nan daƙiƙa kaɗan ne. Sai dai ka tuna ka mayar da agogonsa na saurin kiɗa ya bi na manhaja, sannan ka kunna Send master sync a saitin MIDI na FL Studio, in ba haka ba shi yana gabas kiɗanka yana yamma.

Da an koma kan fiyano kuwa, labari ya sauya. Maɓallan MiniLab 3 sun fi tsawo da faɗi, suna da ɗan nauyi a ƙarƙashin yatsa, har kana iya taɓawa a hankali sautin ya fito a hankali. Na MPK Mini gajeru ne. An gyara su a MK3 da ya fito a 2020, sun fi na baya nesa ba kusa ba, amma mai kaurin yatsu in ya kama kod mai sauti huɗu, wato maɓallai huɗu da ake dannawa tare, zai riƙa haɗawa da maƙwabci. Wannan ƙanƙantar ce kuma ta sa bai kai kilo ɗaya ba, giram 750 ne. MiniLab ya fi shi nauyi da cin wuri a tebur.

Wajen lanƙwasa sauti, Akai 'yar sanda ya ba ka da kake turawa da babban yatsa, Arturia kuma ziri biyu na shafawa. Ni dai sandar ta fi kwanta mini, don ina jin inda take ko ban duba ba. Wannan son rai ne, wani zirin zai zaɓa.

Inda MiniLab 3 ya yi wa Akai fintinkau shi ne sarrafa manhajar kanta. Yana da feda 4, wato maɓallan da ake ja sama da ƙasa don ƙara ko rage sauti, waɗanda MPK Mini ba shi da ko ɗaya. In ka riƙe Shift, wasu daga cikin maɓallan gangarsa sukan koma na kunnawa, tsayarwa da ɗauka, kuma Arturia ta yi masa tsarin haɗi da manhajojin FL Studio da Ableton Live da Logic. MK3 ba shi da maɓallin kunnawa ko ɗauka, dole hannunka ya koma kan laftof, maɓallan murɗawarsa ma kai za ka ɗaura kowanne da zaɓin Link to controller na FL Studio. MiniLab yana kuma da ramin MIDI mai fil biyar a baya, ko da wata rana ka samu injin sauti na waje. Sannan yana zuwa da manhajar Analog Lab Intro mai sauti 500, wanda da ka buɗe shi maɓallan murɗawa sun riga sun san aikinsu. Akai MPC Beats yake bayarwa, manhaja mai kyau, amma wanda ya saba da FL Studio da wuya ya yi ƙaura dominta.

Ga yadda za ka raba gardama. In kiɗa ya zo maka a kai kana zaune, me kake fara yi? In tebur kake bugawa da yatsu, ɗauki Akai. In gunguni kake yi da baki kana neman karin waƙa, ɗauki Arturia. Ni Arturia ne a teburina, don da kod nake farawa.

Amma tunda ka ce FL Studio, akwai na uku da ba ka ambata ba: FLkey Mini na Novation, wanda ya fito a 2022 musamman don wannan manhajar. Maɓallan gangarsa 16 suna zama akwatunan Channel Rack kai tsaye, wato jeren nan da kake cikewa da linzami ya dawo ƙarƙashin yatsunka, kana ganin fitilar kowanne. Maɓallan ƙanana ne, ba su kai na Akai daɗin bugu ba, na murɗawar kuma masu iyaka ne. Duk da haka, in ba ka da niyyar barin FL Studio, shi zan fara nuna maka. Kuma ko wanne ka ɗauka, maɓalli 25 oktaf biyu ne kacal, wato zagaye biyu na do-re-mi, bes (sauti mai kauri) da kod ba za su shiga tare ba. In koyon fiyano da hannu biyu kake so, nemi mai 37 irin MPK Mini Plus, ko ma mai 49.

Ranar da na jona kibod ɗina na farko, na danna sai sautin ya biyo baya kamar amsa-kuwwa. Na kwana ina zargin an sayar mini da lalatacce, ashe bafa (buffer) ce, wato yawan ɗigon sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar. Tana kan 1024, wanda a kan ɗigo 44,100 a daƙiƙa jinkirin kusan milisakan 23 ne, yatsa kuwa yana jin wannan. Ka danna F10, ka shiga saitin Audio, ka zaɓi FL Studio ASIO, ka sauke ta zuwa 256, jinkirin ya koma wajen milisakan 6. In laftof ɗin ya fara ƙarar tsattsage, ka ɗaga zuwa 512 lokacin haɗa sauti, ka sauke in za ka buga.