Darasi uku na hawan igiyar ruwa da yaro mai galahanga: abin da na gani a Newquay

Yaron da ke toshe kunne da zarar na kunna injin markaɗe, shi babansa ya ce a kai teku. Na ce, "Malam, anya kuwa?" Shekararsa 9, yana da lalurar galahanga, kuma ɗan fari ne, don haka ku yi mini uzuri, ba zan kama suna ba. Ba ya sa riga sai na yanke 'yar takardar bayan wuya. Ba ya shiga banɗakin kanti saboda injin busar da hannu.

A watan Yuli muka taso daga Birmingham zuwa Newquay, a yankin Cornwall da ke kudu maso yammacin Ingila, muka biya kuɗin darasi uku a wata makarantar koyon hawan igiyar ruwa, yaro ɗaya malami ɗaya. Da tsada, kusan ninki biyu na ajin taro. Amma da na ga ajin taron, yara na ihu malami na busa usur, na san ba mu yi asara ba.

Abin da na fi tsoro shi ne rigar ruwan, wannan matsattsiyar rigar roba da ke kama jiki daga wuya har idon sawu. Dole ce, domin ko da rani sanyin ruwan wajen digiri 16 ne. Sa ta ya ci mana kusan minti ashirin, da kuka da majina. Ana jan zif ɗin baya kuwa sai ya yi tsit. Ya tsaya yana shafa ƙirjinsa, kafaɗunsa suka sauka. Malamin ya ce ya saba ganin haka, matsi mai ƙarfi da ya game jiki yana kwantar wa yawancin irin waɗannan yara hankali, shafa sama-sama ce ke tayar musu da shi. Sai na tuna Temple Grandin, Ba'amurkiyar nan mai galahanga da ta ƙera wa kanta injin matse jiki bayan ta ga yadda shanu ke natsuwa idan an matse su a maƙalin da ake riƙe su don yi musu allura. Na kuma tuna yadda yake lafewa a bayana yana jariri idan na tamke zanin goyo. Ashe tun can abin yake.

Ƙarar teku ma ba ta dame shi ba. A fahimtata, shi ba ƙarfin sauti ke firgita shi ba, zuwansa ba zato ne. Igiyar ruwa tana da ƙa'ida, kana hango ta tafe, ta fashe, ta koma, wata ta biyo. Ya kwanta rub da ciki a kan allon hawan igiyar ruwa mai laushi, malamin ya tura shi, ruwan ya kawo shi har gaɓa yana kaɗa hannuwa yana dariya. A gida kullum cikin juyi da lilo yake, a nan teku ke yi masa lilon. Sai a darasi na uku ya durƙusa a kan gwiwa. Bai miƙe tsaye ba, ba wanda ya matsa masa, wannan kuma na yaba.

Wahalar a tudu take. Yashi tsakanin yatsun ƙafa ya kusa rusa ranar farko, sai da muka nemo masa takalman roba, waɗanda da an gaya mana tun a waya da mun zo da shirinmu. Hasken rana a kan ruwa yana kashe masa ido. Masu tsaron gaɓa sun yi sanarwa da lasifika sau ɗaya, suna mayar da masu allo tsakanin tutoci masu baƙi da fari, ya zabura ya faɗo. Aikinsu ne, ban ga laifinsu ba. Inda makarantar ta gaza shi ne ɗakin canza kaya: cunkoso, warin jiƙaƙƙiyar roba, ga injin busar da hannun nan a jikin bango. Ranar farko a nan ya birkice, rigar ta manne, gishiri na cizon fata, yana rawar ɗari. Daga baya a bayan mota muke cire masa, da babban tawul da galan na ruwan ɗumi.

Kai yara irinsa hawan igiyar ruwa ba sabon abu ba ne. Ƙungiyar Surfers Healing ta fara a Kalifoniya a 1996, iyayen wani yaro mai galahanga suka kafa ta, The Wave Project kuma, wata ƙungiyar mai taimakon yara ta hanyar hawan igiyar ruwa, a Cornwall ta fara a 2010. Amma kada wani ya ce muku magani ne. Yaronmu ya dawo da lalurarsa yadda ya je da ita, barci ne dai ya yi mai nauyi a dararen uku. Akwai wata yarinya da muka tarar, ruwa na taɓa fuskarta ta ce a kai kasuwa, ba ta ƙara shiga ba.

Wanda zai je ya nemi darasin sassafe kafin gaɓa ta cika, ya kuma roƙi a bar yaro ya gwada rigar kwana ɗaya kafin nan. Mu dai mun sayo masa tasa. Yanzu idan ya dawo daga makaranta a hargitse, da kansa yake ɗauko ta, sai na riƙa duba agogo don kada zafi ya yi masa yawa a falo.