GARGAƊI GA MASU ƘYANƘYASA: ƙwan soyawa ya sayar mana da sunan Brahma, N185,000

Masu kiwon kaji na Birnin Kebbi, Kalgo, Jega da Argungu, ku yi hattara da wani mai tallar ƙwan ƙyanƙyasa a Facebook da WhatsApp, wanda ke cewa gonarsa na wajen Ilorin, yana da kajin Brahma zalla da agwagwar Pekin da salwa. Macuci ne. Naira dubu ɗari da tamanin da biyar ya karɓe mana mu uku, N185,000, kuma abin da ya fi ci mini rai, ni na kawo shi, ni na ce wa mutane na tantance shi.

Ga lissafin don kada wani ya ce ƙari nake yi. Ƙwan Brahma kiret uku, guda 90, kowanne N1,500, ya kama N135,000, wannan nawa ne. Ƙwan Pekin guda 30 a kan N1,000, N30,000, na wani malami a Jega. Ƙwan salwa guda 100 a kan N120, N12,000, na wata Hajiya a nan unguwarmu. Kuɗin mota N8,000. Duka N185,000, daga wayata suka fita a tashi ɗaya, ranar Litinin bayan la'asar. Rasit yana nan, hotunan hirarmu suna nan, saƙonnin muryarsa suna nan, zan ɗora su duka da lambar asusun da na tura wa kuɗin.

A cikin ƙwai 90 ɗin nan ba wanda ya ƙyanƙyashe. Ban ce kaɗan suka fito ba. Ko ɗaya.

Masu cewa me ya sa ka yarda da mutumin da ba ka taɓa gani ba, ku saurara, ba da ka na yi ba. Tambayoyi na yi masa irin waɗanda ɗan koyo ba zai iya amsawa ba. Na ce zakara ɗaya kaji nawa yake bi a wurinka? Ya ce biyar zuwa shida, don Brahma nauyi gare ta, idan aka tara wa zakara kaji da yawa wasu ƙwan fanko ne. Haka yake. Na ce kwana nawa ƙwai ke yi a hannunka kafin ka sallama? Ya ce ba ya bari ya wuce bakwai, a ɗaki mai sanyi yake ajiyewa, tsinin ƙasa, faɗin sama, kuma ba ya wankewa don kada ya goge kariyar da ke jikin ɓawon. Haka yake. Sannan da bakinsa, ban tambaya ba, ya ce: "Alhaji, in sun iso kar ka yi gaggawar zubawa, ka bar su su huta awa ashirin da huɗu, tsinin ƙasa, iskar ciki ta koma mazauninta, wanga hanya tamu ka san ta." Wannan maganar ce ta kashe mini jiki. Na ce a raina ɓarawo ba ya damuwa da iskar cikin ƙwai. Har yau in na kwanta sai in ji muryar nan, "ka bar su su huta". Ga shi da harshen gida, ya ce ɗan nan ne, neman abinci ya kai shi can. Na ce wa Hajiya, ki kwantar da hankalinki, wannan ya san abin da yake yi. Lallai kuwa ya sani.

Bidiyon da ya turo kafin in biya, ko bayan na biya ne, a'a, kafin ne, ranar Lahadi da dare, ya nuna Brahma na gaske, manya, gashi har yatsun ƙafa. Sai bayan komai ya lalace na koma na ƙirga: kaji tara, zakara biyu. Brahma ba mai yawan ƙwai ba ce, uku zuwa huɗu take yi a mako in tana cikin ganiyarta. Kaji tara a kwana bakwai su ba ka talatin, in an yi sa'a da ɗan ɗoriya. Daga ina casa'in za su fito a mako ɗaya? Sai da kaji kusan talatin. Lissafin da ɗan firamare zai yi ne, ban yi ba, ina kallon gashin ƙafa. Kuma ba fuskarsa a bidiyon, ba muryarsa, wata ƙila ma gonar wani ce ya kwaso.

Ranar Alhamis kayan suka iso tasha cikin kwali, an cusa buntun shinkafa tsakanin kiret da kiret. Ba wanda ya fashe, har na yaba masa. Yanzu nake tambayar kaina: ƙwan da ya biyo Kontagora da Yawuri da Koko a bayan mota ya iso ba ko tsagu ɗaya? Direban da ya miƙo mini ma cewa ya yi a hanya aka ba shi, ban tsaya bin maganar ba. Na buɗe, na ga ƙwai ja-ja, girmansu ɗaya, launinsu ɗaya kamar an yi su a inji. Na Brahma ba haka yake ba, wani ya fi wani haske, wani ya fi wani tsawo, don kowace kaza da irin nata. A jikin wasu har da ɗan baƙin layi siriri, zanen wayar keji inda ƙwai ke gangarowa. Na gani da idona. Kajin da ke keji ba zakara a tare da su, wannan kowa ya sani. Na gani, na ce ƙila kwalin ne ya goge su.

Abin da ya kamata in yi a nan tasha, ko da na isa gida, shi ne in fasa guda biyu ko uku a faranti. A saman gwaiduwa akwai ɗan farin tabo. In ƙwan na da zakara, tabon ya fi faɗi, zagayayye ne, da zobe a gefensa kamar idon kifi. In babu zakara, ɗan ɗigo ne ƙarami mai kaushin baki, ba zobe. Minti biyu ne aikin. Na yi rowar N1,500 sau uku, na ce ba zan ɓarnatar da ƙwan Brahma ba, sai ga N135,000 ta tafi, in an haɗa da ta mutane N185,000.

Yanzu mutumin yana yawo a wani zauren hira yana cewa injina na ƙyanƙyasa ne ya dafa ƙwan. To bari in faɗi yadda aka yi, masu sani su yi hukunci. Inji ne mai fanka mai cin ƙwai 176, a kan sola da batir, wuta ba ta yanke masa ko na awa ɗaya ba. Kwana biyu na kunna shi ba komai a ciki kafin in zuba. Zafi 37.6, kuma ban dogara da abin da allon injin ke nunawa ba, na sa ma'aunin zafi na asibiti a daidai tsayin ƙwan, suka yi daidai. Danshi kashi 50 zuwa 55 har kwana 18, daga nan 65 zuwa 70, aka tsayar da juya ƙwan. Juyin kansa na inji ne, duk awa biyu. Saboda zafin Afrilu da ke haura 40 da rana, injin yana ɗakin da rana ba ta bugawa, don ɗaki in ya fi injin zafi ba abin da injin zai iya yi. Kuma ga abin da bai sani ba: a cikin injin nan, a rana ɗaya, a tire ɗaya da nasa, na sa ƙwan kajin gida guda 24, na yi musu alama da fensir. 22 suka nuna jini da na haska su da tocila, 20 suka fito a kwana na 20 da na 21, suna nan suna cin abinci. Injin da ya dafa 90 ya tsallake 24 da ke gefensu, wane irin inji ne wannan?

Na tsallake maganar haskawar, bari in koma mata. Kwana bakwai da zubawa, da dare, na kashe fitila na ɗauko tocila. Ƙwan da ya kama za ka ga ɗan baƙin ɗigo a tsakiya da jijiyoyi ja sun bazu kamar saƙar gizo-gizo. Na kajin gida haka suka nuna. Nasa kuwa fes, haske ya ratsa, inuwar gwaiduwa kawai ke yawo. Na ɗaya, na biyu, na goma, na talatin. Na ce ƙila duhun ɓawon ne, jan ƙwai yakan yi wuyar gani, na bari sai kwana goma. A kwana goma ba sauran shakka, mai rai har motsi yake yi. Casa'in ɗin nan fes.

Na kira shi a daren, ya ɗauka, lokacin bai toshe ni ba tukuna. Ya ce girgizar hanya ce. Ƙarya ne, kuma ga dalili. Girgiza tana da nata alamun: jakar iskar da ke faɗin ƙwan takan saki, ka juya ƙwan ka ga kumfa na bin sama, kuma ɗan tsakon yakan fara sannan ya mutu, ya bar jan zobe na jini a jikin ɓawon daga ciki. Ƙwan da ya tsufa ko ya sha rana shi ma yakan fara ya tsaya, jakar iskarsa ta yi girma tun ranar farko. Ko mota ta yi tsalle da su daga Ilorin har nan, a cikin casa'in sai ka samu wasu da zoben jini, wasu su kai labari. Nasa ba zobe ko ɗaya, jakar iska na zaune daram. Na fasa goma sha biyu a tire: gwaiduwa lafiya lau, ɗigon nan ƙarami, ba farar yana, ba ɗigon jini, ko warin baragurbi babu. Ƙwan gidan gona ne na kajin keji, irin wanda mai shayi ke soyawa, a lokacin kiret bai wuce dubu shida ba. Kiret uku, a ce N18,000. Ya sayar mini N135,000. Hoton tiren na nan, zan sa.

Da na gaya masa na fasa, sai ya ce ai ni na ɓata, Brahma tana jinkirin nunawa, in jira kwana 21. Babu kazar da ke jinkirin nunawa. Brahma, Noiler, kazar gida, duk kwana 21 ne, duk a kwana bakwai ake ganin jini. Dabarar ita ce ya saye lokaci. Ku lura da wannan sosai, don a nan cinikin ƙwai ya bambanta da na 'yan tsaki: ranar da ka karɓi kaya ba ka da abin ƙorafi, sai bayan mako, ya ce ka ƙara haƙuri, sai bayan mako uku, kafin nan ya kwashe kuɗin ya canza layi. Ya yi alkawarin musanya rabi in na turo kuɗin mota N8,000 kuma. Ban tura ba, wannan kam ban tura ba. Kwana na 19 ko na 20 ya toshe ni, ya sauya hoto da sunan shafin, amma bidiyon kaji taran nan shi ne dai yake tallar da shi.

Na malamin Jega ya fi ban haushi ta wani fannin, don nasa akwai rai a ciki. Cikin 30, goma sha ɗaya suka nuna jini. An ce masa Pekin ce, Pekin kwana 28 take yi, don haka a kwana 25 ya tsayar da juyi ya ƙara ruwa. Ya haska ya ga ɗan bai cika ƙwan ba, ya kira ni, na ce ƙila zafi ya ɗan yi ƙasa. Kwana 28 shiru, 30 shiru. Sai a kwana 35 guda huɗu suka fito, agwagwar gida, irin mai jan fuska in ta girma, wadda dama kwana 35 take yi. An rufe su mako ɗaya kafin lokaci, ba juyi, ga danshi ya yi yawa jakar iska ba ta buɗe yadda ya kamata ba, sauran bakwai suka mutu a ciki. Da an gaya masa gaskiyar irin, da aƙalla ya tsira da mafi yawansu. N30,000 a kan agwagwar da za a samu a kowane ƙauye.

Salwar Hajiya, 9 cikin 100, a kwana 17 da 18. Ƙwan salwa yana da wuyar haskawa saboda dabbare-dabbaren ɓawon, kuma ba ya jure ajiya a zafin nan, in ya haura mako sai yadda hali ya yi. Waɗanda ba su fito ba da muka fasa, yawancinsu ba komai, tsofaffin ƙwan kasuwa ne. Ba ta ce mini uffan ba, "Allah ya mayar da alheri" kawai ta ce, ni kuwa da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na biya ta nata N12,000 da kason motarta daga aljihuna. Malam ya ƙi karɓa.

Kuma a daina turo mini cewa araha ta ja ni. N1,500 ƙwai ɗaya araha ce? Da ya ce ɗari biyar da na gudu. Ya san farashi, ya san amsoshi, ya san mu.

Mai son saye: ka je ka ga kajin da zakarun da idonka, ko a kira ka ta bidiyo kai tsaye ya nuna fuskarsa a cikin garken, ka ƙirga kajin ka raba da yawan ƙwan da yake cewa yana da shi. Ka fara da goma. Ka fasa biyu ranar da suka iso. Rabin kuɗi sai bayan hasken kwana bakwai, a rubuce. In ya ƙi, bar shi.

Mun kai ƙorafi banki da wurin hukuma, sunan da ke kan asusun ma ba shi ne sunan da ya gaya mini ba. Duk wanda ya tura wa mutumin nan kuɗi, musamman wajen Argungu da Bunza inda na ji ya fara tallar ƙwan talotalo, ya yi mini magana ta akwatin saƙo da rasit ɗinsa, mu haɗa. Hotunan hirar da na tiren ƙwan zan ɗora bayan isha'i, wayar na caji.