Wata 4 da mataimakiya daga nesa

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in yarda in ɗauki mataimakiya daga nesa. Ni kaɗai ke riƙe da ɗan kasuwancina na intanet: ni ke amsa saƙo, ni ke rubuta rasit, ni ke bin bashi, har ta kai ƙarfe 1 na dare ina amsa tambayar masu saye ido na lumshewa. Da abin ya ishe ni, na samo wata a ɗaya daga cikin shafukan da ke haɗa masu aiki da masu neman ma'aikata, awa 10 a mako, biya bisa awa. Har yau ban taɓa ganinta ba sai ta Zoom, manhajar kiran bidiyo.

Babban tsorona shi ne miƙa wa baƙuwa kalmar sirri. Ashe ba dole ba ne. Gmail na da tsarin wakilci: tana karanta imel, tana amsawa a madadina, amma ba ta iya canja kalmar sirrina, kuma duk ranar da na ga dama zan cire ta. A WhatsApp na sa kwamfutarta cikin na'urori 4 da ake iya jonawa da lamba ɗaya. Asusun banki dai ban ba ta ba, ba kuma zan bayar ba.

Mako 2 na farko aikin ƙaruwa ya yi. Tambaya kan tambaya, har na fara cewa da ma ni na yi abuna. Sai na gane komai a kaina yake, babu ko layi ɗaya a rubuce. Abin da ya farkar da ni wani tsohon abokin ciniki ne da kan karɓi kaya ya biya ƙarshen wata, shekaru muna haka ba mu taɓa saɓawa ba. Ta ga sunansa cikin waɗanda ba su biya ba, ta aika masa takardar tuni mai kaushi, har da wa'adin kwana 3. Ya kira ni, muryarsa a sanyaye: "Yanzu har mun kai nan?" Kunya ta kama ni. Ita kuwa ba ta da laifi, abin da na ce ta yi wa kowa shi ta yi.

Daren nan na zauna na buɗe Google Sheets, manhajar tsara bayanai a jadawali, na rubuta wa ake ɗaga wa ƙafa, wa ba a yi wa ragi, wane saƙo ne ba za ta amsa ba sai ta tuntuɓe ni. Daga nan abubuwa suka daidaita. Da yake lokacin aikinta ya bambanta da nawa, ina farkawa in tarar an share akwatin imel, an jera alƙawuran ranar a kalanda.

Inda har yanzu ban gamsu ba shi ne lafazi. Amsoshinta daidai suke amma a bushe, kamar na ofis, kuma mai saye yana ji. Na ƙara mata awa 5 a mako, na kuma cire sunayen tsofaffin abokan ciniki daga hannunta. Waɗannan ni nake kiransu da kaina.