Allurar Botox don gumin hammata: tana aiki, amma sai an sani

Ga mai fama da gumin hammata irin wanda ke jiƙa riga ko da yana zaune cikin sanyin hunturu, Botox na kamfanin Allergan ya cancanci yabo. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan matsala tun 2004. Yana hana jijiya sakin sinadarin da ke umartar gurbin gumi ya zubo da ruwa, sai wurin ya bushe.

Kafin ranar allura, a aske gashin hammata, a daina shafa maganin wari na awa 24. Likita zai shafa aidin, ya bar shi ya bushe, ya barbaɗa garin sitaci. Duk inda gumi ya fi fita zai koma shuɗi mai duhu, nan ne za a yi wa alama. Kwalba mai yunit 100 ana narkar da ita da mililita 4 na ruwan gishirin asibiti, kowace hammata ta samu yunit 50, a wurare 10 zuwa 15, tazarar santimita 1 zuwa 2 tsakaninsu. Allurar ƴar siririya ce, zurfinta kamar milimita 2 cikin fata. Nan masu gaggawa ke ɓata aiki: in ta yi zurfi, maganin ya wuce gurbin gumin, kuɗi sun tafi, riga na ci gaba da jiƙewa.

Ana fara ganin canji cikin mako guda, kuma yakan ɗauki wata shida zuwa bakwai kafin gumin ya dawo. Wannan shi ne babban aibinsa, domin kowane zagaye sai an sake biya. Wasu kuma gumin kan ƙaru musu a baya ko cinya.

Abin da ya fi damuna a ƙasarmu shi ne ajiya. Dole kwalbar ta zauna a firij tsakanin digiri 2 zuwa 8, in an narkar a yi amfani da ita cikin awa 24. Wurin da ake ɗauke wuta kullum ba janareto, maganin na iya lalacewa tun kafin ya shiga jiki. A nemi ganin kwalbar a rufe, a duba lambar NAFDAC, kuma likitan fata ne zai yi, ba mai shagon kwalliya ba. Jabun wannan allura ya kwantar da mutane a asibiti a Amurka a 2024.

Mai juna biyu, mai shayarwa, mai ciwon raunin tsoka, da wanda ake yi wa allurar jentamaisin (maganin kashe ƙwayoyin cuta), su dakata. Wanda kuma gumin ya zo masa kwatsam, ko yake jiƙa shimfiɗa da dare yana ramewa, a fara gwada shi tarin fuka, ciwon sukari da maƙoƙo.