Littafin almara: a karanta ko a saurara? Amsa ga mai ɗinki

'Yar'uwa, na ga tambayarki. Kin ce kina sha'awar littattafan almara, irin waɗanda ake gwabzawa da matsafa da aljanu da dodanni a ƙasashen da marubuci ya ƙago da kansa, amma ɗinki ya cinye miki yini, in dare ya yi kuma ido ya riga ya gaji. Kina so ki san wanne ya fi: ki nemi littafi ki riƙa lallaɓa shi shafi-shafi, ko ki sa iyafis a karanta miki kina kan keke. Kin kuma ce wata ƙawarki ta ce miki sauraro ba karatu ba ne, ragwanci ne kawai.

Maganar ƙawar taki kada ta dame ki. Mu da aka rene mu da "ga ta nan ga ta nanku" mun san kunne ya riga takarda ɗaukar labari. Littafin sauraro ma ba don raggwaye aka fara yin sa ba. A shekarun 1930 aka soma naɗar littattafai a faifan garmaho a Amurka da Ingila saboda makafi, ciki har da sojojin da suka rasa idanunsu a Yaƙin Duniya na Farko. A 2019 kuma masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna karanta labarai, suka sake ɗauka suna sauraron labaran nan dai, suka tarar sassan da ke fahimtar ma'ana kusan aiki iri ɗaya suke yi. Labari yana shiga ta ido, yana shiga ta kunne. Abin dubawa shi ne me kowace hanya take ba ki, me kuma take hana ki.

Ta wajen sauri, ido ya fi baki. Babban mutum da ya saba da karatun Turanci yakan karanta kalma 240 zuwa 260 a minti ɗaya a zuci, mai karanta littafin sauraro kuwa yakan tsaya wajen 150 zuwa 160. Ke nan littafi mai kalma 150,000 zai ci wa mai karatu kamar awa 10, mai sauraro kuwa kusan awa 16. Littattafan almara kuma ba su san ƙanƙanta ba. The Way of Kings na Brandon Sanderson, wanda ya fito a 2010, ya haura shafi 1,000, sauraronsa awa 45 ne, kuma shi ne kawai na farko a jerinsa. Amma wannan lissafin mai sararin zama ne. Awa 10 ɗin mai karatu sai ya zauna, hannu a sake, haske ya wadata, yara sun yi barci. Awa 16 ɗin mai sauraro a cikin aikin da dama zai yi yake tsintarsu. Ke da kike kalmasa da guga da sa maɓalli, kina da awoyi masu yawa da hannu ke aiki zuciya tana zaune. A nan sauraro ya yi wa karatu fintinkau. Sai dai ki rarrabe ayyukan. Lokacin awo da yanka ki kashe shi, in ba haka ba ko labarin ya kuɓuce miki ko ki ɓata wa mutane yadi.

Inda karatu ya fi ƙarfi shi ne farkon littafi, kuma wannan shi ne abin da ya raba almara da sauran labarai. Labarin soyayya ko na zaman gida a duniyar da kika sani yake faruwa. In aka ce kishiya, ko lefe, ko kasuwar Kwari, babu mai neman bayani. Marubucin almara kuwa daga tushe yake gina komai. Sunayen mutane baƙi, na garuruwa baƙi, ga masarautu huɗu ko biyar masu gaba da juna, ga tsafi mai dokokinsa da iyakarsa, ga tsohon yaƙin da aka yi shekaru dubbai da suka wuce ana ta ambatonsa kamar kowa ya halarta. A shafi ɗari na farko mutane da yawa suke ajiye littafin su ce ba su gane komai ba.

Mai littafi a hannu yana da hanyoyin tsallake wannan wuri. Ido yana riƙe siffar suna ko da baki bai iya furta shi ba. A The Lord of the Rings na Tolkien akwai mugaye biyu, Sauron da Saruman. A takarda da kallo ɗaya kin raba su, a kunne kuwa, ga ƙarar keke ga mai karɓar ɗinki tana sallama, sai ki yi babi guda kina ɗora wa ɗaya laifin ɗaya. Littafin nan yana ɗauke da taswirar da ɗan marubucin, Christopher, ya zana, kuma a ƙarshen juzu'i na uku akwai rataye mai tsawo na jerin sarakuna da shekaru da bayanin harsunan da Tolkien ya ƙirƙira. Mai karatu yakan sa yatsa a taswira ya bi ayarin daga kogi zuwa dutse, ya san dalilin da ya sa suka ƙi bin gajeriyar hanya. Wasu littattafan sauraron suna haɗo taswira a fayil daban, amma wa zai tsaya buɗe ta hannu yana riƙe da almakashi?

Mai sauraro fasinja ne a motar haya: gudun yana hannun direba, in hankalinki ya tafi minti biyu an wuce gari guda ba ki gani ba. Akwai maɓallin komawa baya na daƙiƙa 15 ko 30, yana kuma da amfani. Abin da ba ya yi miki shi ne nemo wata magana da wani tsoho ya faɗa a babi na uku alhali kina babi na ashirin, kuma marubutan almara suna son binne irin waɗannan maganganu su tono su can gaba. Mai karatu yana iya komawa, yana iya tsayawa a kan jimlar da ta yi masa daɗi ya maimaita ta sau uku, yana iya ratsa dogon bayanin daji da sauri in ya gundure shi. Muryoyin mutanen labarin ma shi yake ba su a ransa, babu mai zaɓa masa.

To amma muryar nan ita ce kuma dukiyar sauraro, kuma ba ƙaramar dukiya ba ce. Gwanin karatu ba karantawa kawai yake yi ba, wasa yake yi shi kaɗai. Jim Dale, wanda ya karanta Harry Potter ga masu sauraro a Amurka, ya shiga kundin bajinta na duniya na Guinness saboda murya 146 da ya yi a littafi na bakwai kawai. A Ingila Stephen Fry ne ya karanta su, har yau kuma masoya suna musu a kan wa ya fi. Littattafan Tolkien cike suke da waƙoƙi waɗanda masu karatu da yawa suke tsallakewa, amma Rob Inglis da ya naɗe su a 1990 rera waƙoƙin ya yi, sai abin da ido ke gudu ya zama abin da kunne ke jira. A 2021 Andy Serkis, wanda ya fito a matsayin Gollum, ɗaya daga cikin halittun labarin, a fim ɗin The Lord of the Rings, ya sake karanta su da nasa salon. Wajen artabu, wajen gardama a fada, wajen bankwana tsakanin abokan tafiya, ni a ganina gwanin murya yana kai labari inda karatun zuci na mai gajiya ba ya kai shi. Ga wadda Turanci ba harshenta na farko ba akwai ƙarin riba, domin hawa da saukar muryar mai karatu suna nuna miki wa ke fushi, wa ke zolaya, ko da wata kalma ta wuce ki.

Sai dai mai karanta littafin sauraro maras gwaninta yana kashe littafi mai kyau murus, kuma ba za ki san laifin ba na marubuci ba ne. Don haka kada ki sauke littafin awa 30 kafin ki saurari ɗanɗanon minti biyar da ake bayarwa. In muryar ta gundure ki a minti biyar, ba za ta gyaru a awa ta goma ba. Ki kuma duba ko cikakke ne ko taƙaitacce, ko kuwa wasan kwaikwayo aka mayar da shi. Gidan rediyon BBC ya yi wasan The Lord of the Rings a 1981, kashi 26 na rabin awa, wato awa 13, alhali cikakken karatunsa ya haura awa 50. Wasan yana da daɗi sosai, amma wanda ya ji shi bai ji littafin duka ba.

Duk wannan a kan na Turanci ne. In na Hausa kike nufi, lissafin ya canja, kuma a nan ba ni da wata tantama. Labaranmu na almara da bakin mai ba da labari aka rubuta su. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar da aka yi a 1933 aka buga su a 1934, dukansu mutum ne ya zauna yana ba jama'a labarin yawonsa da gamuwarsa da aljanu. Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, aku ne ke ta zuba wa ɗan sarki Musa labarai don ya hana shi fita. Wato tun a cikin littafin akwai mai faɗa akwai mai ji. Littattafan yaƙi da aka yi ta bugawa a Kano daga baya su ma haka suke, cike da sadaukai da bokaye da kirari kafin a zare takobi. Kirari kuwa a takarda rabinsa kike samu, sai an ɗaga murya yake cika. Matsalar baƙin sunaye ma ba ta da yawa a nan, domin yawancinsu daga Hausa ko Larabci aka samo su, kunne ya saba da irinsu.

Abu biyu nake roƙonki a kan na Hausan. Na farko, ki guji wanda na'ura ta karanta. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, mai karatu ne ke sa su daga saninsa na harshen, kuma murya maras wannan sani tana mayar da labarin jarumta abin tausayi. Na biyu ya fi damuna. Da yawa daga littattafan da ake karantawa a YouTube ko ake turawa a WhatsApp ba a nemi izinin marubutansu ba, ba sa kuma samun ko kwabo daga dubban masu sauraro. Mutum ya kwana yana rubutu, ya biya kuɗin bugu daga aljihunsa, wani ya ɗauka ya karanta ya ci riba. Ki nemi inda aka bayyana cewa da yardar marubuci ake karantawa. In kuma kin ji littafi ya yi miki daɗi, ki saya ko da ba za ki buɗe shi ba, don mai shi ya samu ƙarfin rubuta na gaba.

Batun kuɗi gajere ne. Sauti mai matsakaicin inganci yana cin kusan megabayit 29 a awa, ke nan littafin awa 45 zai kai gigabayit 1.3, alhali rubutaccensa a waya 'yan megabayit ne kawai. Bidiyon YouTube ya fi haka ci, don haka gara ki sauke inda kika samu data mai arha ki ajiye. Audible, kamfanin littattafan sauraro wanda Amazon ya saya a 2008, shi ya fi tara manyan gwanayen murya, amma kuɗin wata-wata ne kuma da kuɗin waje. LibriVox, shafin littattafan sauraro da aka kafa a 2005, kyauta ne, sai dai tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare kawai yake da su, masu karatun kuma 'yan sa-kai ne, wani gwani wani sai haƙuri. Littafin takarda ba ya neman caji, ana kuma samun na hannu wajen masu sayar da tsofaffin littattafai, amma cika jeri guda daga na ɗaya zuwa na ƙarshe sai an sha yawo.

Shawarata gare ki ita ce: na Hausa ki saurara tun daga shafin farko. Na Turanci kuwa, musamman dogon jeri, ki haɗa biyun. Ranar da ba ki buɗe shago ba ki karanta babi biyar ko shida na farko da idonki, ki ƙare wa taswira kallo, ki rubuta sunayen manyan mutanen labarin da garuruwansu a bayan littafin awonki. Da zarar kin san wane ne wane, ki koma kunne ki bar sauran ya bi ki wajen aiki. Kada ki fara da mai awa 45. The Hobbit na Tolkien, wanda ya fito a 1937, awa 10 zuwa 11 ne, ayari ɗaya ne a kan tafiya ɗaya, babu masarautu barkatai da za su rikita ki. Ki bar saurin yadda yake a littafin farko, in kunne ya saba sai ki ɗaga zuwa 1.25. In kuma da daddare za ki ji, ki saita shi ya kashe kansa bayan minti 20 ko 30, don kada barci ya ɗauke ki ki farka an yi babi huɗu ba ke.