Ɗanye, busasshe, ruwa ko ƙwaya: wane cheri ya dace da mai ciwon gaɓɓai?

Duk wanda ya taɓa farkawa tsakar dare ya tarar babban yatsan ƙafarsa ya kumbura, ya yi jawur, yana zogi har ko mayafi ba ya so ya taɓa wurin, ba sai an yi masa bayanin ciwon gawut ba. Shekarata shida ke nan ina fama da shi. A tsawon wannan lokaci babu irin cherin da ban saya ba, wani da kuɗina, wani kuma ɗan'uwana da ke Ingila ya aiko mini. Tun da fari zan faɗi inda na tsaya: ruwan cheri mai tsami, mai kauri, na irin da ake kira Montmorency, shi ne zaɓina. Sauran kuwa kowanne da matsalarsa, ɗaya daga cikinsu ma ya kusa jawo mana babban rashi a gida.

Amma kafin komai, a san abin da ake nema. A kasuwannin Nijeriya idan ka ce cheri, mai kayan marmari agwaluma zai miƙo maka, domin a Turancin kudu haka wasu ke kiran ta. Agwaluma daban, cheri daban, ko dangi ba su haɗa ba. Cherin da ake magana a kansa ɗan itace ne kamar girman ɗinya, ja ko baƙi-baƙi, da ƙwallo ɗaya a ciki. Bishiyarsa ba ta 'ya'ya sai ta sha sanyin hunturu mai tsawo, shi ya sa ba ka ganin ta a gonakinmu. Turkiyya ce kan gaba a duniya wajen noman sa. Iri biyu ne manya: mai zaƙi, irin su Bing, wanda ake ci ɗanye, da mai tsami, irin su Montmorency, wanda ya samo sunansa daga wani gari kusa da Faris, ko da yake yau jihar Mishigan ta Amurka ce ta yi fice da shi, musamman kewayen garin Traverse City. Abin da ke ba shi jan launi sinadari ne da ake kira antosayanin, kuma shi ne masana suka fi zaton yana rage kumburi.

Maganar cheri da gawut ba jiya ta fara ba. Tun 1950 wani mai suna Ludwig Blau ya wallafa rahoto a wata mujallar likitanci ta Texas kan masu gawut goma sha biyu da suka ji sauƙi bayan sun riƙa cin cheri. Binciken da aka fi ambato shi ne na Jami'ar Boston a 2012, ƙarƙashin Yuqing Zhang, inda aka bi masu gawut 633 tsawon shekara guda. An ga cewa idan mutum ya ci cheri cikin kwana biyu, haɗarin tashin ciwon ya ragu da kashi 35 cikin ɗari, idan kuma ya haɗa da allopurinol, maganin gawut na asibiti, raguwar ta kai kashi 75. Sai dai wannan bincike na lura ne da abin da mutane suka ce sun ci. A 2020 Lisa Stamp da abokan aikinta a New Zealand suka bai wa masu gawut 50 ruwan cheri mai kauri na kwana 28, ba su ga ya sauke yurik asid a jini ba, wato sinadarin da taruwarsa a gaɓɓai ke kawo gawut. Haka a 2013, wani gwaji a Filadelfiya kan mutum 58 masu amosanin gwiwa ya nuna alamar kumburi a jini ta ragu, amma sauƙin ciwon bai fi na waɗanda aka bai wa ruwan da babu cheri a ciki ba. Abin da na ɗauka daga duk wannan shi ne, cheri mataimaki ne, ba magani ba ne. Ni dai tun da na haɗa shi da allopurinol da likita ya ɗora ni a kai, na kuma rage kayan ciki da lemon kwalba, tazarar da ke tsakanin tashin ciwon ta ƙaru sosai. Ban taɓa ajiye maganin asibiti saboda cheri ba, kuma ba na ba kowa wannan shawara.

To, ga dalilin da ya sa mai kaurin ya kwanta mini a rai. Ana matse cherin ne a dafa ruwan har ya yi kauri kamar zuma. Awon da aka fi amfani da shi a gwaje-gwaje shi ne mililita 30, wato cokali biyu na cin abinci, a zuba a kofin ruwa, sau ɗaya ko sau biyu a rana. Masu yin sa suna cewa wannan awo ya yi daidai da 'ya'yan cheri 90 zuwa 100. Kwalba mai mililita 946 takan kai ka wata guda idan sau ɗaya kake sha, kuma ba ta da nauyin da zai hana matafiyi ya saka maka a jaka. Idan ka raba kuɗin kwalbar da kwana talatin, za ka ga babu irin cherin da ya kai shi sauƙi ga mai zama a wannan yanki namu.

Abin da ya fi wannan muhimmanci a wurina shi ne, abu ne da ido ke gani, harshe kuma ke shaidawa. Na gaskiya yana da tsami mai kama baki, irin tsamin da ke sa ka runtse ido, launinsa ja ne mai duhu, idan ka karkata kwalbar a hankali yake gangarowa. Ka juya bayan kwalbar ka karanta jerin abubuwan da aka haɗa: ya kamata ka ga abu ɗaya tak, ruwan cherin Montmorency mai kauri. Wasu kamfanoni sukan rubuta 68 Brix, wato ma'aunin kaurinsa, kuma alama ce mai kyau. Da zarar ka ga tuffa, inabi, sukari ko kala a cikin jerin, ka mayar da kwalbar inda ka ɗauko ta.

Yana da nasa aibin, ba zan ɓoye ba. Duk da tsaminsa, cokali biyun nan na ɗauke da sukarin ɗan itacen da ya kai giram 20 ko fiye, don haka mai ciwon sukari ko ciwon ƙoda sai ya tambayi likitansa tukuna. Akwai kuma sinadarin sobitol a cikin cheri, wanda kan saki cikin wasu. Ka fara da cokali ɗaya ka ga yadda jikinka zai karɓa. Sannan da an buɗe kwalba sai firji, ga shi wuta ba ta da tabbas. Dabarar da nake yi ita ce, ranar da na buɗe nakan zuba shi a farantin ƙanƙara, kowane rami cokali biyu, in ajiye a firizar da ta fi riƙe sanyi. Kullum da safe in kwashe na rami ɗaya in zuba a kofi.

Ɗanyen cheri mai zaƙi ya fi kowanne daɗi, amma lokacinsa gajere ne, daga Mayu zuwa Yuli a Turkiyya da Turai, sai na ƙasar Chile daga Nuwamba zuwa Janairu. Kafin ya iso manyan shagunanmu ya yi tsada, ya kuma fara laushi. Idan tafiya ta kai ka Istambul ko Dubai a lokacinsa, ka ci ka more, amma kada ka tauna ƙwallon, akwai guba a cikinsa. Daskararre yana da kyau inda wuta ba ta ɗaukewa. A nan kuwa ba ka san sau nawa ya narke ya sake daskarewa ba. Busasshe kusan kullum an jiƙa shi da sukari, alhali sukarin furoktos na cikin abubuwan da ke ɗaga yurik asid. Jajayen nan masu ƙyalli da ake ɗorawa a kan kek, cheri ne da aka jiƙe da sukari da kala. Lemon kwali mai hoton cheri a jiki, yawancinsa ruwa ne da sukari da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Wani zai ce, ai zoɓo ma ja ne. Gaskiya ne, jan zoɓo ma daga dangin antosayanin yake, kuma zoɓon da ba a cika masa sukari ba ya fi lemon kwalba nesa ba kusa ba. Amma gwaje-gwajen da na ambata a kan cheri aka yi su, don haka ba na ɗaukar ɗaya a madadin ɗaya.

Saura ƙwaya, kuma a nan ne zan daɗe. Akwai kafso na garin cheri daga kamfanonin kirki, ba na musu. Matsalar ita ce, abin da ke cikin kafso ba ka gani, ba ka ɗanɗanawa. Shekara uku da suka wuce na ga tallar wata ƙwaya a WhatsApp, kwalba mai kyau da hoton cheri, an rubuta daga Amurka take, ana cewa tana kawar da ciwon gwiwa cikin kwana uku. Gwaggona ta daɗe tana sallah a zaune saboda gwiwa, sai na saya mata. Kwana biyu ta kira ni tana sa mini albarka, tana cewa, "Ɗana, yau da ƙafata na je gidan suna." Na ji daɗi, na ƙara sayen kwalba biyu. Bayan wata uku fuskarta ta cika ta yi zagaye, ƙafafunta suka kumbura, ga ƙishirwa da yawan fitsari. A asibiti aka auna, sukarinta da hawan jininta duk sun haura. Likita ya dubi kwalbar, ya dube ta, ya ce alamun wanda ya daɗe yana shan sitiroyid ne, wato magani mai ƙarfi da ke danne kumburi da zogi. Har yau idan na tuna da hannuna na kai mata, sai zuciyata ta yi nauyi.

Wannan ha'inci sananne ne a kasuwar magungunan gaɓɓai. A 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi jama'a kan wata ƙwaya mai suna Artri King da ake tallata ta a matsayin haɗin gargajiya, bayan an gano diclofenac da dexamethasone a ɓoye a cikinta. Ba ta cheri ba ce, amma dabarar iri ɗaya ce: a lulluɓe magani mai ƙarfi da sunan ɗan itace ko ganye. Diclofenac idan aka daɗe ana sha yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda. Dexamethasone kuwa sitiroyid ne, shi ne mai cika fuska, ya ɗaga sukari, ya raunana ƙashi. Ko kamfanonin cheri na gaskiya ba su tsira daga zuzutawa ba: a 2005 wannan hukuma ta aika wa kamfanoni 29 wasiƙar gargaɗi saboda suna tallata kayansu kamar maganin cututtuka.

Saboda haka babbar alamar da nake dubawa yanzu ita ce saurin aiki. Cheri ba ya ɗauke ciwo cikin dare ɗaya. Duk ƙwayar da ta tayar da mai ciwon gwiwa cikin kwana biyu, akwai lauje cikin naɗi. Haka duk wadda aka ce tana maganin gawut da sanyin ƙashi da basir da ciwon sukari a lokaci guda. Ka duba sunan kamfani da adireshinsa, da lambar rukunin da aka sarrafa, da ranar lalacewa, ka ga ko an buga su ne a jikin kwalbar ko kuwa wata takarda aka liƙa a kan wata. Ka duba ko hatimin bakin kwalbar na nan lafiya. A Nijeriya ka nemi lambar NAFDAC, kada kuma ka tsaya a ganin ta kawai, domin masu jabu ma suna bugawa. Ka bincika ko lambar ta dace da sunan kayan a rajistar hukumar. Idan an rubuta dubban miligiram a gaban kwalba, juya baya ka ga nawa ne ainihin garin cherin, kuma wane iri ne. Wasu acerola suke sakawa, wani ɗan itace ne na ƙasashe masu zafi da ake kira cherin Barbados, mai yawan bitamin C, amma ba shi ba ne aka yi gwajin gawut da shi. Mai sayarwar da ya ce ka ajiye maganin asibiti, ko wanda ba shi da shago sai lambar waya da hotunan waɗanda wai sun warke, kada ka ba shi ko sisi.

Ruwan mai kauri ma ana iya yi masa algus da sukari da kala, shi ya sa nake cewa a ɗanɗana. Idan zaƙi ya rinjayi tsami, ko ya bar kala mai haske a harshe kamar alewa, ba shi ba ne.

Idan kuma akwai wani a gidanku da ya riga ya yi makonni yana shan irin waɗannan ƙwayoyi, fuskarsa ta fara cika, kada ku ƙwace kwalbar ku hana shi sha nan take. Jikin da ya saba da sitiroyid yana iya shiga mummunan hali idan aka yanke masa lokaci guda. Ku ɗauki kwalbar da sauran ƙwayoyin ku tafi da shi asibiti, likita ne zai rage masa a hankali. Gwaggo sai da aka yi wata biyu ana rage mata kafin aka raba ta da shi.